Ƙaramar na'urar sauraron waƙa ta aljihu: wacce za ka saya idan sauti ne damuwarka?

Wanda yake da waya a aljihu amma yake tunanin sayen wata na'ura daban domin sauraro kawai, yawanci abu uku ne suka ishe shi. Wayoyi da yawa yanzu ba su da kafar iyafis. Sauraro yana cin cajin da ake lallaɓawa saboda kira, a wurin da wuta ba ta da tabbas. Sannan kana tsakiyar waƙa ko karatu sai kira ya shigo, ko saƙon WhatsApp ya katse maka jin daɗi. Na'urar da nake magana a kanta ba akwatin MP mai lasifika ba ne da ake ajiyewa a shago ko a tsakar gida. Ƙarama ce ta aljihu, wadda ake sa wa memori a saurara da iyafis.

Tun da kamfanin Apple ya daina ƙera iPod a watan Mayun 2022, kasuwar ta koma hannun Sony na Japan da wasu kamfanonin Sin, musamman FiiO da ke Guangzhou, da Shanling da ke Shenzhen, da HiBy da ke Dongguan. A cikin kayansu na zaɓo biyar da suka shiga aljihu kuma kuɗinsu bai wuce dala 350 ba.

Abin da za ka auna kafin ka duba suna

Tambaya ta farko ba ta shafi na'urar ba: ina waƙoƙinka suke? Idan a memori suke, ko a kwamfuta, ko kana zuwa wurin masu tura waƙa su loda maka, ba ka buƙatar na'ura mai Android. Idan kuwa rayuwarka ta sauraro tana kan Audiomack ko Boomplay ko Spotify, dole sai mai Android da Wi-Fi, domin sauran ba sa ɗaukar waɗannan manhajoji. Wannan tambayar kaɗai ta raba biyar ɗin gida biyu, kuma mafi yawan masu nadamar saye a nan suka kuskure.

Na biyu shi ne sauti, kuma a nan zan daɗe, don a nan 'yan talla suka fi ruɗa mutane. Abin da kunnenka yake ji yana bin matakai uku: fayil ɗin waƙar, sai iyafis, sai na'urar. A jere suke haka wajen muhimmanci. Waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka matse ta, ta bi ta wayoyi goma kafin ta iso gare ka, ta riga ta zubar da abin da ta zubar, kuma babu na'urar da za ta dawo da shi. Na'ura mai kyau ma ƙara fito da aibinta take yi, ka ji muryar mawaƙi tana shashsheƙa, kalangu ya cakuɗe da ganga. MP3 mai 128kbps (yawan lambar kbps na nufin ba a matse fayil ɗin sosai ba) yana cin kusan 1MB a minti ɗaya, mai 320kbps kusan 2.4MB, FLAC kuwa, wato fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sautin, mai ingancin faifan CD, 5MB zuwa 6MB. Tsakanin 128 da 320 akwai bambancin da kunne mai natsuwa zai kama. Tsakanin 320 da FLAC kuwa, mutane da yawa ba sa iya rabewa idan aka ɓoye musu wanne ne wanne. Saboda haka kada manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, irin su 384kHz da DSD, su ja ka. Duk biyar ɗin nan suna karanta abin da ya fi ƙarfin faifan CD, wanda 16-bit ne da 44.1kHz, kuma shi ma ya ishi kunnen ɗan Adam.

Iyafis shi ne inda kuɗi kaɗan ke kawo canji babba. Akwai masu waya na kusan dala 20, irin su Moondrop Chu II da Tangzu Wan'er da 7Hz Salnotes Zero, waɗanda suka yi wa na cikin kwalin waya nisa. Na'urar dala 50 da ɗaya daga cikin waɗannan ta fi na'urar dala 350 da iyafis na bakin titi daɗin sauraro, ba ma kusa ba.

A cikin na'urar kanta, abu biyu ne ke aiki: DAC, wato guntun da ke mayar da fayil ya zama sauti, da amfilifaya mai tura sautin zuwa kunne. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce DAC ɗin da ke cikin waɗannan na'urori duk sun kai matakin da bambancinsu ƙanƙane ne. Inda suka sha bamban sosai shi ne ƙarfin turawa. Ƙaramin iyafis ba ya buƙatar ƙarfi, amma babban hedifon mai rufe kunne yana buƙata. Wasu na'urorin suna da kafa ta biyu mai faɗin 4.4mm wadda ke ba da ƙarfi fiye da ta 3.5mm da aka saba da ita, sai dai tana son wayar iyafis ta musamman. Kada ka nemi mahaɗi ka cusa iyafis na 3.5mm na yau da kullum a wannan kafar, yana iya lalata amfilifayar.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ka sani tun yanzu: idan da iyafis na Bluetooth za ka riƙa saurare, DAC da amfilifayar na'urar ba sa aiki sam, na cikin iyafis ɗin ne ke yi. Ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba ke nan. Abin dubawa a wannan hali shi ne hanyar da take aika sautin: SBC ita ce ta ƙasa, LDAC ta Sony ita ce ta sama, tana kai 990kbps, da sharaɗin iyafis ɗinka ma ya san ta.

Sauran ma'aunan su ne batir, da sauƙin sarrafawa, da ƙarko, da haɗarin saye daga nesa. Ga biyar ɗin a jadawali:

| Na'ura | Farashin fitowa | Nauyi | Batir a faɗin kamfani | Ma'ajiya | Manhajojin intanet | Kafar iyafis |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Snowsky Echo Mini | dala 50 | giram 55 | awa 15 | 8GB da memori | babu | 3.5mm da 4.4mm |
| Shanling M0 Pro | dala 129 | giram 37 | awa 14.5 | memori kawai | babu | 3.5mm |
| HiBy R3 II | dala 179 | giram 118 | awa 15 | memori kawai | Tidal da Qobuz kawai | 3.5mm da 4.4mm |
| FiiO JM21 | dala 199 | giram 156 | awa 12.5 | 32GB da memori | duk na Android | 3.5mm da 4.4mm |
| Sony NW-A306 | dala 350 | giram 113 | awa 36 | 32GB da memori | duk na Android | 3.5mm |

Na bar farashin a dala domin na naira ba ya zama wuri ɗaya. Ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Awannin batir kuma na gwajin kamfani ne, sikirin a kashe, murya tsaka-tsaki. A hannunka za su ragu.

Snowsky Echo Mini

Snowsky reshen FiiO ne, kuma wannan na'urar ta fito a farkon 2025 da siffar ƙaramin kaset. Abin da ya sa ta yi suna shi ne a dala 50 an sa mata DAC biyu na Cirrus Logic, samfurin CS43131, irin wanda ake samu a na'urorin da suka ninka ta kuɗi. Sautinta tsaf yake, babu hayaniyar baya, kuma ta kafar 4.4mm ƙarfin turawarta yana kai 250mW, wanda ya ishi yawancin hedifon da mai karatu zai mallaka.

Ba ta da sikirin na shafawa, da madannai ake yin komai. Wannan alheri ne ta wata fuska: kana cikin Keke Napep ko kana tafiya, hannunka a aljihu za ka tsallake waƙa ba sai ka ciro ta ba. Ta wata fuskar kuma wahala ce, domin neman waƙa ɗaya a cikin dubbai da dannawa ɗaya-ɗaya yana gajiyarwa. Maganinsa ka shirya foldodinka da kyau tun daga kwamfuta, kowane mawaƙi ko malami da tasa foldar. Memorin da take ɗauka ya tsaya a 256GB, kuma adadin fayilolin da take iya jerawa a rumbunta bai wuce dubu takwas da 'yan kai ba. Bluetooth ɗinta SBC ne kawai, don haka ta masu iyafis mai waya ce. Jikinta roba ne, ba za ta ji daɗin faɗuwa a kan siminti ba, amma idan ta lalace ko aka ɗauke ta a kasuwa, asarar ba ta kai ta sauran ba. Wannan ma ma'auni ne na gaskiya ga abin da za a riƙa yawo da shi kullum.

Shanling M0 Pro

Ita ce mafi ƙanƙanta, faɗinta da tsawonta kusan santimita huɗu da rabi, ba ta fi kwalin ashana ba da wani abin kirki. Ta fito a 2023, jikinta alminiyom da gilashi, tana da DAC biyu na ESS samfurin ES9219C da ɗan dunƙulen murɗa murya a gefe. A hannu za ka ji ta fi Echo Mini ƙarko nesa ba kusa ba.

Inda ta yi fice shi ne Bluetooth. Tana aikawa da LDAC, tana kuma karɓa. Ma'ana kana iya haɗa ta da wayarka, waƙar tana tafiya a Audiomack a waya, iyafis ɗinka mai waya yana jikin M0 Pro a aljihun riga. Ga wanda wayarsa ba ta da kafar iyafis, wannan ya warware matsala biyu da kuɗi ɗaya. Haka kuma idan ka jona ta da kwamfuta ta USB, sai ta zama ita ce ke fitar da sautin kwamfutar.

Rauninta yana cikin ƙanƙantarta. Sikirin ɗin inci 1.54 ne na shafawa, mai kaurin yatsa zai riƙa taɓa abin da bai nufa ba, dogon sunan waƙa kuma ba ya fitowa gaba ɗaya. Ba ta da ma'ajiya ta ciki, ranar da ta iso idan babu memori a hannunka babu abin da za ka ji. Kafarta ɗaya ce, ta 3.5mm, mai son ƙarin ƙarfi sai ya sayi wani mahaɗi na musamman na kamfanin. Rigar da ake maƙala ta a jikin tufafi ma daban ake sayarwa, kuma ina ba da shawarar a saya, don abu mai wannan girman ɓatansa ba wuya.

HiBy R3 II

Tana tsakiya a komai. DAC ɗinta iri ɗaya ne da na M0 Pro, amma sikirin ɗinta inci 3.2 ne, neman waƙa ya fi sauƙi, ga kafa biyu. Tana da wani tsarin gyaran sauti da suke kira MSEB, wanda maimakon lambobi sai ya ba ka zaɓi irin na ƙara kaurin sauti ko turo muryar mawaƙi gaba, kuma yana da amfani ga tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset. Wi-Fi ɗinta kada ya ruɗe ka: ba Android ba ce, manhajojin waƙa na Tidal da Qobuz kawai take da su, ba za ka sa mata Boomplay ko Spotify ba. Matsalarta a wurina ita ce farashi. Da ƙarin kuɗi kaɗan za ka kai ga JM21, da ragi mai yawa ka sauko ga M0 Pro.

FiiO JM21

Wannan a aikace ƙaramar waya ce marar layi. Android 13 ce, da injin waya samfurin Snapdragon 680, da sikirin inci 4.7, da DAC biyu samfurin CS43198. Ta fi duk sauran ƙarfin turawa, tana kai 700mW ta kafar 4.4mm, don haka ita ce ta mai babban hedifon. Manhajoji suna buɗewa da sauri daidai gwargwado, kana iya sauke waƙoƙinka a inda akwai Wi-Fi ka saurara daga baya ba tare da intanet ba.

Sai dai ka tambayi kanka gaskiya ko wannan ce ƙaramar na'urar da ka fita nema. Giram 156 waya ta biyu ce a aljihu. Batir ɗinta shi ne mafi gajarta a jadawalin, kuma Android yana shan caji ko ba a sauraron komai, balle an bar Wi-Fi a kunne. Tunda ba ta da layi, a kan hanya sai wayarka ta ba ta intanet, cajin wayar da kake gudun ƙarewa ya ci gaba da tafiya. Akwai kuma maganar shekaru: manhajoji suna daina aiki a tsohon Android bayan wani lokaci, alhali na'ura marar Android za ta ci gaba da karanta memorinta muddin batir yana da rai.

Sony NW-A306

Ta fito a farkon 2023, kuma ita ce ta haɗa Android da ƙanƙanta: sikirin inci 3.6, jikin alminiyom, da jerin madannai a gefe har da makullin hana dannuwa a aljihu. Ƙirarta ta fi ta kowa kyau a cikin biyar ɗin. Batir shi ne babban abin alfaharinta. Awa 36 ɗin na MP3 ne a manhajar Sony, da manhajojin intanet kamfanin ya ce awa 26, kuma ko an rage wani abu a kai ta ba sauran rata. Ga mai doguwar tafiya, Kano zuwa Legas ko Maraɗi zuwa Agadas, ko wanda unguwarsu ke kwana biyu babu wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma da tsarin da ke tsayar da caji kafin batir ya cika maƙil, domin ya daɗe bai mutu ba.

Duk da haka ina jinkirin ba da shawararta. Amfilifayarta ba ta da ƙarfi, ta ƙananan iyafis ce. Wadda aka yi wa kasuwar Turai an ƙara taƙaita muryarta saboda dokokin kare ji, kuma kayan hannu da ke shigowa daga Ingila da sauran ƙasashen Turai irin wannan ne, don haka ka tambayi ta wace ƙasa ce kafin ka biya. A cikin 32GB ɗinta kusan 18GB ne kawai naka, sauran Android ya cinye. Tana da nawa wajen kunnuwa da buɗe manhajoji idan aka kwatanta da JM21 mai kusan rabin kuɗinta. Abin da kake saye da dala 350 shi ne batir da ƙira da suna, ba sautin da ya ninka na sauran ba.

Ga masu sauraron labarai: Echo Mini da M0 Pro da A306 duk ba su da rediyon FM. Tsohuwar Sony NW-E394 tana da shi, ga batir mai daɗewa, amma 8GB ce babu wurin memori, kuma ba ta karanta FLAC.

Su kuwa marasa suna da ake zubawa a tire a kasuwa da 'yan kuɗi kaɗan, araha ba ta ado. Sukan yi wata 'yar hayaniya a bayan sauti da iyafis mai kyau zai fito da ita fili, batir kuma ba ya kai abin da aka rubuta. Don sauraron wa'azi ko tafsiri za su yi aiki, don sauti mai kyau ba za su yi ba.

Haɗarin da ya shafe su duka

Mafi girma ba a na'urar yake ba, a memori yake. Jabun memori ya cika kasuwa: a jiki an rubuta 128GB, waya ma ta nuna 128GB, amma ainihinsa 8GB ne ko 16GB. Za ka loda, ya karɓa, sai daga baya waƙoƙi su ƙi buɗewa, ka ɗora wa na'urar laifi. Ka saya a wurin wanda zai karɓa idan ya fito jabu, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta sake karantawa. Ba ka buƙatar babba sosai. Na gaske mai 64GB zai ɗauki waƙoƙin minti biyar kusan dubu biyar a MP3 mai 320kbps, ko kusan dubu biyu a FLAC. Karatu ko wa'azin awa ɗaya a 128kbps bai kai 60MB ba.

Na biyu zafi ne. Batir ɗinsu a rufe yake a ciki, kuma batirin litiyam ba ya shiri da zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Kada ka bar ta a gaban mota a rana, kada ka yi caji a ƙarƙashin matashi. Ƙurar hunturu tana taruwa a kafar iyafis har sauti ya riƙa yankewa a kunne ɗaya, 'yar jaka mai zif tana maganin wannan. Ruwa kuwa ka nisanta su da shi gaba ɗaya.

Na uku gyara. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano da makamantanta za su iya canza maka kafar caji, wataƙila su samo batir mai girman da ya dace, amma sikirin ɗin waɗannan na'urori ba kayan da suke ajiyewa ba ne. Garanti kuma, idan daga waje ka yi oda, yana nufin mayar da ita Sin da kuɗinka. Saboda haka idan ta AliExpress za ka saya, ka nemi shagon kamfanin da kansa, ka ɗauki bidiyon buɗe kwalin, ka gwada kowace kafa da kowane madanni a kwanakin farko tun lokacin ƙorafi bai wuce ba. Ta hannu kuma, batir shi ne abin tambaya: ka sa a cika ta, ka saurara awa ɗaya, ka ga nawa ta sauke.

Wace ce taka?

Idan waƙoƙinka da karatunka a memori suke kuma kuɗin a ƙididdige yake, ka ɗauki Echo Mini, ka sa ragowar a iyafis na dala 20 da memori na gaske. Duka ukun ba za su kai dala 100 ba, kuma wannan ita ce shawarata ga mafi yawan masu karanta wannan.

Idan ƙanƙanta ce ta kawo ka, don motsa jiki ko aiki a tsaye, ko kana son abu ɗaya da zai yi memori ya kuma karɓi sauti daga waya, M0 Pro ce. Idan idonka ko yatsanka ba za su jure ɗan sikirin ɗinta ba, kuma waƙoƙinka sun yi yawa, ka hau zuwa HiBy R3 II.

Idan ba za ka iya rabuwa da Audiomack ko Spotify ba, ko kana da babban hedifon mai son ƙarfi, JM21 ce, ka tanadi fawa banki. Idan Android kake so amma wuta ce babbar matsalarka, iyafis ɗinka ƙarami ne, aljihunka kuma zai ɗauka, Sony A306 ce, wadda ba ta kasuwar Turai ba.

Idan kuwa ka duba ka ga abin da ya dame ka kawai shi ne wayarka ba ta da kafar iyafis ko sautinta ba daɗi, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Akwai ɗan mahaɗin USB-C mai DAC a cikinsa, na Apple dala 9 ne a Amurka, FiiO KA11 kuma kusan dala 30 kuma ya fi shi ƙarfi. Ka gwada shi da iyafis mai kyau na 'yan makonni. In har kira da ƙarewar caji suka ci gaba da damunka, sai ka sayi na'urar, iyafis ɗin da ka riga ka mallaka zai yi aiki da ita.